Yatsu Biyu na Inna Kaltume

Likitan ya gama duba ƙafar, ya cire safar hannu ya jefa a kwando, sannan ya yi bayani da Turanci. Saurayi ne daga kudu, bai fi wata huɗu a Sakkwato ba, Hausarsa duka ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo" ba. Ya ce yatsu biyun nan na ƙafar hagu sun riga sun mutu, ciwon suga ya hana jini kai musu. In aka cire su cikin makon nan, tsohuwa za ta koma gida da ƙafarta, ta taka ta je inda take so. In aka bari, ruɓar za ta yi sama, kuma da sauri take tafiya.

Mu uku ne tsaye a bakin gadon: ni, da maigidana Abdulrasheed, da yayansa Alhaji Maigandi mai sayar da hatsi. Abdulrasheed ya raɗa wa yayansa abin da aka ce. Maigandi ya dube ni, ya kaɗa kai sau ɗaya.

Surukata Inna Kaltume ta ɗago daga kan matashi ta kamo hannuna.

"Malama, mi yac ce?"

Haka take kirana, Malama, rabi zolaya rabi alfahari, don ina koyarwa a makarantar horar da ma'aikatan jinya. Cikin 'ya'yanta da surukanta ni ta zaɓa ta tambaya, saboda ni ce mai farin kaya, ni ce na san yaren asibiti.

Na ce, "Ya ce a ci gaba da wankewa da shan magani, Inna. Za a samu sauƙi."

Ban yi in'ina ba. Wannan shi ya fi ba ni tsoro har yau, yadda maganar ta fito sumul kamar na kwana ina haddarta. Inna ta yi wa likitan murmushi ta ce, "Allah shi yi maka albarka, yaro." Shi kuwa ya ɗauka na isar da saƙonsa kuma ta karɓa da ƙarfin hali, har ya dafa mata kafaɗa. Sai a baranda Maigandi ya ce a kawo takardar da ake sa wa hannu in za a tafi da mara lafiya ba da yardar likita ba. Likitan ya yi mamaki. Ya juyo gare ni ya tambaya ko tsohuwar ta fahimci abin da zai biyo baya. Na ce ta fahimta. Akwai wurin shaida a ƙasan takardar, na sa hannu, har da lambar rajistata ta aikin jinya don abin ya yi kyau.

Darasin da nake koyarwa kuwa, kada ku yi dariya, shi ne ɗa'ar aiki: yadda ma'aikacin jinya zai warware lamari idan haƙƙi biyu suka ci karo a gabansa. Shekara tara ina yi. An san ni da tsanani, ba na ƙara wa ɗalibi rabin maki don ya yi mini kuka.

Da muka koma gida Runjin Sambo aka kwantar da Inna, Maigandi ya tara mu a zaure. Rana ta take, fanka ba wuta, yana ta share gumi da bakin rawani.

"Uwarmu ba a yanka ta," in ji shi. "Yau a ce yatsu, gobe a ce ƙahwa. Haka sunka yi wa mutane da yawa. Kuma in anka hwaɗa mata, hawan jini na zai kashe ta kahin ciwon. Akwai mai magani da nis sani, ya warkar da waɗanda sunka hi wanga muni."

Na ce, "Yaya, naman da ya mutu ba ya tashi."

"Ke, Allah ka tada shi ko likita?"

Na dubi maigidana. Yana kallon takalminsa kamar ranar ya fara ganinsa. Daga baya a ɗaki ya ce mini, "Mariyatu, Yaya ya yi magana. Ke dai ki riƙa wanke mata yadda kinka iya. Kina son a ce matata ta as sa anka yanke uwarmu?"

Ban so a ce. Gaskiyar ke nan, kuma ba ta da kyau.

Mai maganin ya zo washegari da garin wani abu baƙi a ƙunshe, ya ce a kwaɓa da man shanu a riƙa shafawa safe da yamma. Sai aka raba aiki ba tare da an yi shawara ba. Matar Maigandi, Ladi, ta shafa nasu da yamma, ni kuma in zo da safe kafin in tafi makaranta in wanke shi tas, in sa nawa, in naɗe da bandeji. Na sayo allurai masu ƙarfi ina yi mata, ina gaya wa kaina ai ga shi ina iya ƙoƙarina. Na san allurar ba ta kaiwa inda jini ba ya kaiwa. Na koyar da wannan ma, a aji biyu.

Inna mace ce mai ƙafar yawo. Babu suna, babu gaisuwar mutuwa, babu dubiya a Runjin Sambo da za a yi ba a ga mayafinta ba. Zaman ɗaki ya fi ciwon damunta. Kullum ina wanki tana ba ni labarin inda za ta fara zuwa in ta miƙe.

"Gidan Halimatussa'adiyya za ni hwara zuwa, ta yi jika ban gani ba. Za ta ce girman kai nika ji."

"In sha Allahu, Inna."

"Ke dai hannunki da sanyi, Malama. Ɗiyan da nih haihwa ko leƙo ƙahwag ga ba su iyawa."

Gaskiyarta. Maigandi yakan tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Inna, ya jiki? Ai na ga sauƙi," alhali bandeji kawai yake gani. Abdulrasheed yakan shigo ya zauna minti biyar, yana numfashi ta baki.

A mako na biyu baƙin ya bar yatsu ya kama tafin ƙafa. Wari ya fara. Ladi ta sayo turaren wuta, aka riƙa kunnawa har hayaƙin ya sa Inna tari. Zafin watan Afrilu bai taimaka ba. Ƙudaje suka gano ɗakin, na rataya mata gidan sauro da rana tsaka, tana zaune a ciki tana jan carbi.

A mako na uku ne manhaja ta kawo ni kan darasin faɗa wa mara lafiya gaskiya. Al'adata in kawo wa ɗalibai labari, su bi shi mataki-mataki: su tattara abin da aka sani, su gano wa abin ya shafa, su auna hanyoyin da ake da su, sannan su zaɓi ɗaya su kare ta. Ban san abin da ya hau kaina ba, na rubuta musu labarin gidanmu a allo. Na mayar da Inna tsoho, na mayar da Sakkwato wani gari, ƙafar hagu ta koma ta dama. Ina jin so nake wani a cikin yara arba'in da biyu ya samo mini hujjar da ni na kasa samowa.

Aji ya kaure. Wani ɗalibi, Saifullah, ɗan gidan malamai ne mai son gardama, ya miƙe ya ce a ƙasarmu mara lafiya ba shi kaɗai ba ne, na danginsa ne, kuma 'ya'ya sun fi likita sanin abin da zuciyar ubansu za ta iya ɗauka. Na ji wani sanyi a raina, har na ce ya ƙara bayani. Wasu suka taso masa, suka ce jikin tsoho na tsoho ne. Aka yi ta yi, ina zagayawa tsakanin kujeru hannuna a baya, ina gyaɗa kai kamar alƙaliya.

Sumayya ba ta cika magana ba. Yarinya ce siririya mai zama a layin ƙarshe kusa da taga, rubutunta ƙanana har sai na sa tabarau. Ta ɗaga hannu.

"Malama, akwai abin da ban gane ba cikin labarin. Kin ce likita ya yi bayani gaban tsohon."

"Haka na."

"Kuma kin ce tsohon bai sani ba har yanzu."

"I."

"To ashe akwai wanda yat tsaya tsakaninsu ya hwassara. Shi ba ki sa shi cikin waɗanda abin yash shahwa ba. Wa na shi, Malama? In ɗan tsohon na, da sauƙi, tsoro na. Amma in ma'aikacin jinya na, ai ba rikicin haƙƙi biyu ba na wanga. Ƙarya ta kawai."

Alli ya karye a hannuna. Na sunkuya ina neman guntun a ƙasa, na daɗe ina nema fiye da yadda guntun alli ya cancanta. Da na ɗago na ce, "Wannan ba ya cikin tambaya. Ki tsaya kan abin da anka ba ki."

Ta ce, "To, Malama," ta zauna.

Da na zo duba takardunsu a ofis, tata ce ta fi ta kowa. Ta rubuta cewa a koma wurin tsohon a yau, ba gobe ba, a samu wanda ya amince da shi ya zauna kusa da shi, a faɗa masa a hankali, a bar shi ya yi tambaya, sannan a bi abin da ya zaɓa ko da 'ya'yansa ba su so. Na ba ta goma sha tara cikin ashirin. Maki ɗayan na cire shi ne don haushi, ba don ta yi kuskure ba. Na rufe ofis na hau keke napep na koma gida, na tarar da Ladi tana kwaɓa baƙin gari da man shanu, na ce mata sannu da aiki.

A mako na huɗu Maigandi ya ce a mayar da Inna ɗakin baya, inda ake ajiye buhuna a da. Wai can ya fi iska. Ɗakin taga ɗaya gare shi, ita ma ƙarama. Abin da ya fi shi ne nisa da zaure, inda abokan kasuwarsa ke zama bayan la'asar. Ƙawayen Inna na makarantar Islamiyyar tsofaffi suka zo dubiya su shida, da lemo a leda. Ladi ta tare su a tsakar gida ta ce ta samu barci. Inna tana jin muryoyinsu. Da na shiga ta ce, "Na ji kamar Halimatussa'adiyya."

Na ce, "Sun ce ba su son su tashe ki."

"Yo ni da ban barci ko da dare?"

Ta daina cin tuwo, sai kunu, shi ma rabin kofi. Ta daina zancen inda za ta je. Salla ta koma yi a zaune, daga baya a kwance. Amma addu'ar da take yi mini ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi. Ina durƙushe gabanta ina ɓare bandejin da ya manne da nama, tana cije baki, da na gama sai ta ɗora hannu a kaina.

"Allah shi ba ki masu yi maki, ɗiyata."

Da zagi take yi da ya fi mini sauƙi.

Na sake tarar maigidana wata Asabar da hantsi, yana wanke babur a ƙofar gida. Na ce masa baƙin ya kai idon sawu, yanzu ba maganar yatsu ake ba.

"Mai magani ya ce haka shika yi, sai ya hito da dahin duka kahin shi warke."

"Baban Na'ima, kai ma ka san ba haka ba na."

Ya matse soso ya jefa a bokiti. "To ke da kin sani, mi ya hana ki hwaɗa tun asibiti? Ke anka tambaya, ba ni ba."

Ashe kowa a gidan ya samu inda zai rataya nasa laifin. Maigandi ya rataya wa mai magani da ƙaddara, Abdulrasheed ya rataya wa yayansa, yanzu kuma ya samu ni. Ladi cewa take ita umarni aka ba ta. Ni kuwa nawa ya fi na kowa ado: kunyar suruka. Ina gaya wa kaina ba tarbiyya ba ce matar ɗa ta tsallake maza biyu ta dubi uwar mijinta ta ce za a yanke ki. Kunyar ba ta hana ni ganin tsiraicinta kullum ina canza mata zane ba, sai a wurin gaskiya ta tashi.

Ranar wata Talata ta mako na bakwai na shiga da safe da ruwan ɗumi. Jikinta zafi rau. Na warware bandeji na ga baƙin ya wuce ƙwauri, fatar ta kumbura tana sheƙi. Na danna da yatsa, na ji tana ƙara a ƙarƙashi kamar an taka busasshen ganye. Duk wanda ya yi aikin jinya ya san wannan ƙarar. Ba kwanaki suka rage ba, sa'o'i ne.

Inna tana kallon rufin ɗaki. Ta ce cikin murya ƙasa-ƙasa, da sauran zolayar da ta rage mata, "Malama, yaron ga likita da yac ce za a samu sauƙi, ko ya manta bai hwaɗi shekarar ba?"

Na ajiye almakashi. Na zauna a ƙasa, a kan simintin, abin da ban taɓa yi a gabanta ba sai a durƙushe.

"Inna, ba haka yac ce ba."

Ta juyo da kai.

"Ya ce yatsu biyu sun mutu, a cire su cikin mako guda, ki koma gida da ƙahwarki. Ya ce in anka bari zai hau. Ni nac canza maganar. Ni nas sa hannu cewa kin ji kin gane."

Na zaci za ta yi salati da ƙarfi, ko hawan jinin da aka yi ta tsorata mu da shi ya taso. Babu ko ɗaya.

"Yatsu nawa?"

"Biyu, Inna."

"Biyu." Ta ɗaga hannunta ta dubi yatsunta, ta lanƙwashe biyu, ta tsaya tana kallon sauran. "Da mi nika da su? Zobe nika sa musu?"

Na fashe da kuka. Ba ta rarrashe ni ba, ba ta kuma ɗora mini hannu a ka ba.

"Tashi ki kira min su. Ki miƙo mayahina."

Maigandi ya zo daga kasuwa a fusace, don a waya na gaya masa na faɗa mata. Tun daga zaure yake faɗa, wai wa ya aike ni, wai boko ya sa na raina mutane. Da ya iso ƙofar ɗakin ya tsaya inda ya saba tsayawa. Inna ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, "mai hatsi" take ce masa.

"Mai hatsi, shigo."

"Inna, ina jinki daga nan."

"Shigo nac ce. Malama, buɗe mashi."

Na yaye zanen. Karon farko ke nan da ya ga ƙafar uwarsa tun asibiti. Ya kai bakin rawani ga hanci, ya ja baya har ya bugi ƙofa.

"Buhun geronka in ya hwara ruɓa daga gindi," in ji Inna, "kana hidda ruɓaɓɓen, ko kana ruhe shi da tabarma ka kunna turare?"

"Inna, wallahi don ke munka yi. Tsoro munka ji kar zuciyarki…"

"Zuciyata ta binne ubanku da ƙannenku ukku ba ta tsaya ba. Ƙahwag ga taka ta ko tawa?"

Abdulrasheed yana bayan yayansa yana share ido.

"Ku ɗauke ni."

A motar wani maƙwabci muka kai ta, an buɗe tagogi duka. Muka tarar da likitan nan dai. Ya buɗe ƙafar, sannan ya dube ni, kallon da har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Ya sa aka ɗaura mata ruwa, aka ɗebi jini. Ya jawo kujera ya zauna daidai fuskarta ya fara bayani a hankali, yana tsayawa bayan kowace jimla don a fassara.

Na matso na buɗe baki. Inna ta ɗaga hannu ba tare da ta dube ni ba.

"Ba ke ba. A kiro wata."

Likitan bai ji Hausar ba amma ya gane hannun. Ya leƙa baranda ya yafito wata yarinya da ke tura keken magani. Rigar makarantarmu ce a jikinta, 'yar aji ɗaya, ko sunanta ban riƙe ba. Ta gan ni ta rusuna ta ce, "Ina wuni, Malama." Sannan ta tsaya inda ya kamata in tsaya, ta faɗi komai yadda aka faɗe shi. Za a yanke ƙafar daga saman gwiwa, yau ɗin nan. Dafin ya fara shiga jini. Ko an yi, likita bai yi alkawarin za ta tashi ba. In ba a yi ba, ba za ta kai Juma'a ba.

Inna ta saurara har ƙarshe. Ta yi tambaya biyu, ko za ta ji zafi lokacin da ake yi, da kuma ko za a binne ƙafar yadda ya kamata. Yarinyar ta mayar wa likita, ta dawo da amsa, ba ta rage ba ta ƙara ba. Maigandi ya miƙa hannu zai karɓi takardar amincewa da yin aikin, Inna ta ce a kawo tawada. Da babban yatsanta ta dangwala.

Ta tashi. Kwana goma sha tara ta yi a asibiti, muka dawo da ita gida da ƙafa ɗaya.

Yanzu wata biyar ke nan. An mayar da ita ɗakinta na gaba. Maigandi ya sayo keken guragu mai kyau, duk wanda ya zo dubiya sai ya nuna masa, ya ce, "Ƙaddara ta, ba yadda ba mu yi ba." Mutane su ce Allah ya saka masa, ɗa na gari. Abdulrasheed cewa yake ai da ma ciwon suga haka yake, ko an cire yatsun wa ya sani. Ladi ta ce ita tun farko ba ta yarda da mai maganin ba. Ni kuma a unguwa yabona ake, wai ba a taɓa ganin surukar da ta yi jinya irin tawa ba. Babu wanda ya tambayi yadda yatsu biyu suka zama ƙafa guda, kuma babu wanda zai tambaya, domin a gidaje da yawa na garin nan haka ake yi, a kewaye tsoho da ƙauna har a hana shi jin abin da ke cin jikinsa, a kira abin tausayi. Lungunan Runjin Sambo ba a yi su don keken guragu ba. Matar da ba a yin taro babu ita, yanzu sai dai a zo a ba ta labari.

Inna ba ta taɓa gaya wa kowa abin da na yi ba. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaure mini fuska ba. Ni ke yi mata wanka har gobe, ni ke auna mata suga, tana cewa sannu, tana cewa na gode. Na nemi gafararta sau uku, sau uku tana cewa, "Na yahe, Allah shi yahe muna." Na kuma yarda ta yafe ɗin.

Abu ɗaya ne bai dawo ba. In na ce suga ya sauka, sai ta ce a nuna wa Abdulrasheed na'urar ya karanta mata. In na ce maganin nan ɗaya ake sha, sai ta riƙe shi a tafin hannu har wani ya shigo. Ba da fushi take yi ba, ina jin ita kanta ba ta san tana yi ba.

Jiya na dawo daga makaranta na tarar da ita ta yi gyangyaɗi a kan keke. Na kawo ruwan alwala na ajiye, na taɓa ta a hankali.

"Inna, an kira la'asar."

Ta buɗe ido ta ce, "To, Malama." Ba ta taɓa butar ba. Ta juya kunnenta wajen taga tana jira, ni kuma ina durƙushe da tawul a hannu. Masallacin unguwarmu ya riga ya gama. Muka zauna a haka har wani ladan mai jinkiri, can wajen bakin titi, ya ɗaga murya. Sai da ta ji da kunnenta, sannan ta miƙo hannu na zuba mata ruwa.